Yadda Ake Ɗanɗana Giyar Laga ta Italiya a Kuma Ba Ta Maki

Tambayoyi biyu ne suka fi yawa daga masu aiki a otal-otal da gidajen abinci na Abuja, Jos da Legas, da kuma 'yan uwanmu da ke aiki a Turai. Na farko: idan baƙo ya ce kwalbar Peroni ko Moretti da aka kawo masa ta lalace, ta yaya za a gane ko yana da gaskiya? Na biyu: shin giyar Italiya ta kai kuɗin da ake zuba mata? Hanya ɗaya ce ke amsa duka biyun, wato a ɗanɗana bisa tsari, a rubuta, sannan a ba da maki.

Musulunci ya haramta barasa, kuma a jihohin Arewa da ke bin shari'a doka ta hana sayar da ita, a Kano ma Hisbah na kamawa tana farfasa kwalabe. Wannan jagora ba gayyata ba ce. An yi ta ne don baligan da addininsu da dokar wurinsu ba su hana su ba, da ma'aikatan da sana'a ta ɗora musu sanin abin da suke miƙa wa baƙi. Duba kwalba, shinshinawa da kallo ba sa buƙatar kurɓa ko ɗaya, kuma duk matakan suna aiki a kan samfurin da ba shi da barasa.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, mafi yawan kwalaben da ake kushewa ba a masana'anta suka lalace ba, a hanya ne. Aikinka shi ne ka raba laifin giya da laifin tafiya.

Mataki na 1: Karanta kwalba kafin ka biya

Fara da inda aka yi ta. Suna na Italiya ba shi ne tabbacin cewa daga Italiya ta fito ba. Birra Moretti mallakar Heineken ce tun 1996, kuma wadda ake sayarwa a Ingila a Manchester ake yin ta. Peroni tana hannun kamfanin Asahi na Japan tun 2016, masana'antunta na Italiya suna Roma, Padova da Bari. Juya kwalbar ka nemi inda aka rubuta "Prodotta in Italia" ko adireshin masana'anta. Idan wata ƙasa ce a rubuce, ba laifi ka ɗanɗana, amma ka rubuta hakan a takardarka, kada ka kira ta giyar da aka shigo da ita daga Italiya.

Sai kwanan wata. Rubutun "Da consumarsi preferibilmente entro" yana nufin an fi son a sha kafin ranar da ke gabansa. Turawa suna fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. Irin wannan giya galibi kamar shekara guda ake ba ta, don haka kwalbar da ya rage mata wata biyu ta riga ta tsufa ko da ranar ba ta cika ba. Nemi wadda ya rage mata wata shida ko fiye.

Duba ƙarfin barasa: Moretti 4.6 cikin ɗari, Peroni mai jan tambari 4.7, Menabrea Bionda 4.8, Nastro Azzurro ta kamfanin Peroni 5.0 ko 5.1 gwargwadon kasuwar da aka yi wa. Ɗaga kwalbar sama ka ga ko ruwan ya kai wuya daidai da na sauran, ko murfi ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, ko takardar jiki ta koɗe. Takarda koɗaɗɗiya alamar rana ce, ajiye ta.

Gargaɗi: kalmar "analcolica" a kwalbar Italiya ba ta nufin babu barasa kwata-kwata. Dokar Italiya ta yarda a kira giya da wannan suna har zuwa 1.2 cikin ɗari. Mai guje wa barasa ya nemi lambar 0.0 a rubuce, kamar Peroni Nastro Azzurro 0.0.

Gargaɗi na biyu ga masu saye a Najeriya: Hukumar Kwastam ta daɗe da sanya giyar kwalba da ta gwangwani cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Saboda haka kwalbar da ka gani a kanti ka tambayi ta inda ta biyo, ka nemi lambar NAFDAC. Kayan da suka ratso iyaka a ɓoye ba wanda ya kula da zafin da suka sha.

Mataki na 2: Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kwalba uku na samfuri ɗaya, 'yar santilita 33 ta isa. Ɗaya ta ɗanɗanawa, ɗaya ta tabbatarwa idan ka ji aibu, ɗaya ta kwatantawa. Idan da hali, ta ukun ta fito daga wani shago daban. Sai kofunan gilashi marasa launi iri ɗaya, masu ɗan tsukakken baki, ƙaramin ma'aunin zafi irin na kicin, mabuɗi, farar takarda, biro, ruwan sha wanda ba mai sanyi sosai ba, da burodi marar sukari ko biskit marar gishiri.

A manyan kantunan Italiya kwalba mai santilita 66 ta irin waɗannan ba ta cika wuce Yuro 1 zuwa 2 ba. Abin da kake biya a nan kuɗin jirgi ne, da canji, da ribar hannuwan da ta ratsa. Rubuta farashin a bayan takarda ka kife, sai an gama a duba. Mutum in ya biya da tsada, harshensa kan so ya goyi bayan aljihunsa.

Kada ka yi amfani da kofin roba ko na takarda, suna da nasu wari. Kofin silba kuma yana ɓoye launi.

Mataki na 3: Sanyi

Tsayar da kwalaben a firji na awa 24, a tsaye ba a kwance ba, nesa da albasa, kifi da daddawa. Sanyin da ake so lokacin zubawa shi ne digiri 5 zuwa 7. Ƙasa da digiri 3 harshe kan mutu, ƙamshi ya ɓuya, har lalatacciyar giya ta wuce ba a gane ba. Shi ya sa nake ganin al'adar "kawo mai ƙanƙara" ita ce babbar mai rufa wa tsohuwar kwalba asiri.

Gargaɗi: kada ka jefa ta firiza don sauri. Giyar da ta daskare ta narke takan yi gurɓi-gurɓi, iskarta ta ragu. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, kulan ƙanƙara da ruwa ya fi firjin da ke mutuwa yana tashi. Minti 30 zuwa 40 a ciki sun isa, ka auna da ma'auni. Kuma kada ka taɓa saka ƙanƙara cikin kofin.

Mataki na 4: Wanke kofi, ka shirya bakinka

Maiƙo shi ne abokin gabar kumfa. Wanke kofin da soso nasa na daban wanda bai taɓa tukunyar miya ba, da sabulu marar turare, ka ɗauraye sau uku, ka kife ya bushe da kansa. Kada ka goge da tsumma. Gwaji mai sauƙi: jiƙa cikin kofin ka barbaɗa gishiri. Inda gishiri ya ƙi kamawa akwai maiƙo. Ɗauraye gishirin sarai kafin ka zuba komai.

Kai ma sai ka shirya. Awa guda kafin farawa ka bar goro, taba, kofi, cingam, man goge baki da duk abin da ke da yaji. Suya da kilishi su jira. Kada ka fesa turare, kada a kunna turaren wuta a ɗakin. Idan kana mura, ko ƙurar hunturu ta toshe maka hanci, ɗaga aikin zuwa wata rana, domin mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga. Ka ci abinci marar nauyi tun da wuri, kada ka zauna da yunwa.

Zauna a inuwa mai haske, ba cikin rana ba. Dalilin yana zuwa a mataki na 6.

Mataki na 5: Buɗewa da zubawa

Kasa kunne lokacin da murfi ya tashi. Ƙarar iska gajeriya mai kaifi ita ce daidai. Shiru yana nufin iska ta zurare. Idan kuma kumfa ta yi ta ambaliya alhali ba a girgiza kwalbar ba, rubuta, alama ce ta matsala.

Karkata kofin rabin kwanciya, ka zuba a jikinsa har rabi, sannan ka miƙe shi ka zuba a tsakiya don kumfa ta tashi kamar yatsa biyu. Don ɗanɗanawa mililita 100 ta wadatar. Masu zubawa a hankali don kada kumfa ta fito suna cutar baƙo: kumfar ce ke ɗago ƙamshi, kuma iskar da ba ta fita a kofi ba a ciki za ta fita.

Mataki na 6: Hanci tukuna

Kada ka tsaya kallo. Ƙamshin laga, wato irin wannan giya mai sauƙi mai launin zinariya, ba shi da ƙarfi kuma yana gudu, don haka cikin daƙiƙa goma na farko ka kai hanci. Shinshina gajere sau biyu ko uku, ka janye. Sannan rufe bakin kofin da tafin hannu, ka juya a hankali, ka buɗe ka sake shinshinawa. Dogon shaƙa yana gajiyar da hanci; in ya gaji, shinshina hannun rigarka ka huta kaɗan.

Lafiyayyar lagar Italiya tana ba da ƙamshin hatsi mai sauƙi irin na ɓawon burodi, ɗan zaƙin masara, da ɗan ƙamshin ciyawa ko fure daga hop, wato furen da ke ba giya ɗaci. Nastro Azzurro ana haɗa ta da masarar Italiya mai suna Nostrano dell'Isola, Moretti ma da masara a cikinta. Saboda haka ɗan ƙamshin masara ba aibu ba ne a nan. Wanda ya saba da lagar Najeriya, wadda dawa ta shiga cikinta sosai tun bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, zai ji ta Italiya ta fi siriri a hanci. Bambancin hatsi ne, kada ka cire maki a kansa.

Yanzu ga aibobin, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don kowanne yana gaya maka wanda ya yi laifi.

Warin bodari, mai kaifi kamar na ƙonannen roba. Haske ne ya jawo shi. Idan hasken rana ko na dogon ƙwan lantarki ya ratsa giya, sinadarin ɗacin hop yana tsinkewa ya haɗu da sinadarin sulfa da ke cikin giyar ya haifar da wannan wari, kuma a rana tsaka mintoci kaɗan sun isa. Koriyar kwalba, irin ta Nastro Azzurro, ba ta tare hasken sosai. Kwalba mai ruwan ƙasa, irin ta Moretti, ta fi karewa, gwangwani kuwa ya tare gaba ɗaya. Mutane da yawa sun saba da wannan wari har suna ɗaukar sa a matsayin shaidar giyar waje. Ba haka ba ne. Laifin mai ajiya ne, kuma baƙon da ya mayar da irin wannan kwalba yana da gaskiya.

Warin jiƙaƙƙen kwali ko tsohuwar takarda, wani lokaci da zaƙi mai nauyi kamar na zuma. Tsufa ne da zafi. Kwantenar da ta kwana makonni a tashar jirgin ruwa, sannan katan ya zauna a shago mai rufin kwano, ita ke haifar da shi. Shi ma laifin hanya ne, kuma shi za ka fi yawan haɗuwa da shi a ƙasashenmu.

Ƙamshin man shanu, tare da santsi a harshe. Wannan daga wurin yi ne, an gaggauta raba giya da yis, ko kuma bututun famfo ne ya yi datti idan daga ganga aka zubo. Ƙamshin ɗanyen tuffa alamar giya ce da ba ta nuna ba. Warin dafaffiyar masara ko kabeji idan ya yi ƙarfi har ya rufe komai aibu ne, ko da yake kaɗan daga cikinsa ana yafewa. Tsami irin na ruwan tsami yana nufin ƙwayoyin cuta sun shiga. Warin ƙarfe kuma ka koma ka duba murfi.

Gargaɗi: da ka ji aibu, kada ka yanke hukunci. Buɗe kwalba ta biyu. In duka biyun haka suke, buɗe ta ɗaya shagon. In ita lafiya lau take, ka gano inda matsalar take, kuma ba Italiya ba ce.

Mataki na 7: Ido

Riƙe kofin a gaban farar takarda. Launi daga ruwan kara zuwa ruwan zinariya mai haske, garau har ka iya karanta rubutu ta cikinsa. Kumfa fara, mai ƙananan ƙwayoyi, ta tsaya aƙalla minti ɗaya zuwa biyu ta bar zane a jikin kofi. Launin da ya yi duhu fiye da na 'yar uwarta sabuwa alamar tsufa ce. Ƙwayoyin iska da suka manne a bangon kofi laifin wankinka ne.

Banda guda: Ichnusa Non Filtrata ta tsibirin Sardiniya ba a tace ta ba, da gangan take da ɗan hazo.

Mataki na 8: Baki

Kurɓa ta farko ta wanke baki ce, kada ka rubuta komai. A ta biyu ka ɗauki daidai cokali guda, ka bar ta ta zagaya harshe daƙiƙa uku zuwa biyar, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Alƙalan giya suna haɗiyewa saboda ɗaci da abin da ya rage a maƙogwaro sai bayan haɗiya suke bayyana sosai.

Bi ta kashi uku. Farko: ɗan zaƙin hatsi. Tsakiya: ɗaci ya shigo ya daidaita zaƙin. Ƙarshe: baki ya bushe tsaf, ya bar ka kana son wata kurɓa. Ƙarshen nan shi ne inda ake gane lagar kirki. Idan zaƙi ya manne a harshe, ko ɗacin ya koma bauri mai kama baki kamar shayin da ya daɗe a buta, an rasa daidaito. Nastro Azzurro ta fi bushewa da ɗan kaifin ɗaci, Moretti ta fi taushi da zaƙin hatsi, Menabrea ta fi su cika baki. Samfurin 0.0 yakan fi zaƙi ya kuma fi rashin nauyi, sai a auna shi da 'yan uwansa marasa barasa.

Lura da nauyinta a baki, mai sauƙi ne ko matsakaici, da yadda iska ke tsikarin harshe. Zafin barasa bai kamata a ji shi ba a giya mai kashi 5.

Sai ka ajiye kofin minti biyar ya kai kamar digiri 10, ka sake shinshinawa ka sake kurɓa. Wannan ne gwajin da na fi yarda da shi. Laga mai kyau tana nan da tsabtarta in ta ɗan huce, mai aibu kuwa a nan take tona kanta.

Gargaɗi: kwalba mai santilita 33 da ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da kusan giram 13 na barasa zalla. Kurɓa-kurɓa na samfuri huɗu sun kai kwalba guda ko fiye. Kada ka tuƙa mota ko babur bayan haka. Mai juna biyu, mai ciwon hanta ko gyambon ciki, mai shan magani irin su Flagyl ko maganin barci, da wanda ya taɓa fama da shaye-shaye, su tsaya a hanci da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Mataki na 9: Ba da maki

Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne na BJCP, ƙungiyar Amurka mai horar da alƙalan giya. Maki 50 ne: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai ra'ayinka gaba ɗaya 10. Daga 45 zuwa 50 ta yi fice, 38 zuwa 44 tana da kyau ƙwarai, 30 zuwa 37 tana da kyau sosai da ƙananan kurakurai, 21 zuwa 29 ba laifi, 14 zuwa 20 akwai aibu bayyananne, ƙasa da haka ta lalace.

Rubuta kalmomi kafin lamba. "Ɓawon burodi, ɗan ciyawa, babu kwali" ya fi "yana da daɗi" amfani nesa ba kusa ba, domin bayan wata shida shi ne zai tuna maka abin da ka ji.

Babban kuskuren masu farawa shi ne auna ta da abin da ba ita ba. A tsarin BJCP, Moretti tana cikin misalan farar laga ta ƙasa da ƙasa, rukunin da ɗacinsa ke tsakanin 18 da 25 a IBU, ma'aunin ɗacin giya. Giya ce da aka yi don ta zama mai sauƙi, a sha da abinci a lokacin zafi. Cire mata maki don ba ta da nauyin baƙar giya zalunci ne. Haka kuma kada ka haɗa ta da Tipopils ta Birrificio Italiano, wadda aka fara yi a 1996 kusa da garin Como a arewacin Italiya. Ita an ƙara mata hop bayan dahuwa, ƙamshinta da ɗacinta sun fi ƙarfi, rukuninta daban.

A ganina sabuwar kwalba lafiyayya ta manyan kamfanonin nan takan faɗa tsakanin 30 da 38. Wanda ya ba ta 48 sunan ƙasar ya burge shi, wanda ya ba ta 15 galibi tsohuwar kwalba ya samu. Idan aibun na hanya ne, rubuta makin da kwalbar ta samu, ka ƙara a gefe cewa haske ko zafi ya taɓa ta, sannan ka ɗage hukunci a kan samfurin har ka sami sabuwa.

Mataki na 10: Kwatantawa a ɓoye

Wannan ne ke amsa tambayar kuɗi. Sa wani ya zuba a inda ba ka gani, kofi uku iri ɗaya, sanyi ɗaya: biyu samfuri guda, ɗaya daban, misali Moretti biyu da lagar gida ɗaya, ko akasin haka. Aikinka ka nuna wadda ta bambanta. Mai cinke yana dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka a maimaita aƙalla sau uku, ana sauya jeri. In kuna da yawa, kowa ya rubuta nasa shiru kafin a yi magana, don bakin babba kan ja na ƙanana.

Idan samfura da yawa za ka jera, kada su wuce huɗu a zama ɗaya. Fara da 0.0, sai mai sauƙi, ka ƙare da mai ɗaci ko marar tacewa, da ruwa da ɗan burodi a tsakani.

Bayan an bayyana sunaye, juya takardar ka dubi farashi. Raba kuɗin kowace kwalba da yawan santilitarta don kwatancen ya yi adalci, tunda ta gida ta fi girma. Mai sayen kaya na otal ya ajiye takardun a fayil tare da sunan dillali, lambar rukunin da ke farawa da harafin L a jikin kwalba, da ranar da kayan suka iso. Katan biyu ko uku daga hannu ɗaya in suka fito da warin kwali, a mayar da su a canza dillali, sauran kuma a ajiye su cikin katan ɗinsu a rufe, a ɗaki mafi sanyi, a riƙa fitar da wanda ya fara shigowa.